Yawon ruwa na ƙarshen mako ba tare da jirgin sama ba: hanya daga Ngojin zuwa fadamun Gashuwa da Nguru

Yawon ruwa na ƙarshen mako gajeriyar tafiyar shaƙatawa ce da ake yi a jirgin ruwa cikin kwana biyu ko uku, yawanci daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi, inda matafiyi ke isa bakin ruwan a motar haya ko jirgin ƙasa maimakon ya hau jirgin sama. A ƙasashen da ke gaɓar teku wannan sana'a ce babba, mai kamfanoni da tikiti da jadawali. A arewa maso gabashin Najeriya ba ta kai wannan matsayi ba tukuna, amma ruwan yana nan, motar da za ta kai mutum bakinsa ma tana nan. Mazaunin Ngojin a ƙaramar hukumar Potiskum ta jihar Yobe zai iya barin gida bayan an sauko daga masallacin Juma'a, ya kwana a Gashuwa, ya wuni a kan ruwa ranar Asabar cikin ɗaya daga cikin fadamu mafi muhimmanci a yankin Sahel, sannan ya yi sallar la'asar ta Lahadi a gida. Abin da zai sa tafiyar ta yi kyau ko ta ɓaci shi ne watan da aka zaɓa da kuma irin jirgin da aka shiga.

Yadda ake yinsa a wasu ƙasashe

A arewacin Turai ne wannan al'ada ta fi kafuwa. Jiragen fito da ke ɗaukar motoci da kaya tsakanin ƙasashe sun daɗe da gane cewa akwai fasinjan da tafiyar kanta ce buƙatarsa, don haka suka ware masa tikitin je-ka-ka-dawo na kwana biyu. Kamfanin DFDS na tashi daga Newcastle ta Ingila da yamma, ya kwana a teku, ya wayi gari a Holan, a kwashi fasinjoji a bas zuwa birnin Amsterdam su wuni, da yamma su koma jirgi. Haka jiragen Viking Line da Tallink Silja ke yi tsakanin Stockholm ta Suwidin da Helsinki ta Finland, inda motar haya ta cikin gari ke kai mutum har kusa da ƙofar tashar jirgin. Daga wajajen 2018, lokacin da kiraye-kirayen rage hawa jirgin sama saboda hayaƙin da ke ɗumama duniya suka yi ƙarfi a Suwidin, irin wannan tafiya ta ƙara farin jini, ko da yake manyan jiragen ruwan shaƙatawa su ma suna ƙona mai mai yawa, kuma masana muhalli ba su wanke su ba.

A Afirka, wanda ya fi shahara shi ne yawon kogin Nilu tsakanin Luxor da Aswan a Masar, na kwana uku ko huɗu, wanda jirgin ƙasa daga Alƙahira ke kai mutum mafarinsa. A Senegal, jirgin Aline Sitoé Diatta na kwana a hanya tsakanin Dakar da Ziguinchor. A Ghana ana hawa mota daga Accra zuwa Akosombo, a shiga jirgin da ke zagayawa a tafkin Volta zuwa tsibirin Dodi. Najeriya ma ta taɓa haɗa jirgin ruwa da na ƙasa a tafiya ɗaya, sai dai don fatauci da mulki aka yi: jiragen ruwa na hawa kogin Neja zuwa Baro, daga nan layin dogon da ya iso Kano a 1911 ya karɓi fasinja da kaya.

Ngojin da tashoshin Potiskum

Ngojin na cikin mazaɓar Ngojin/Alaraba, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Potiskum. Ƙasar wurin tudu ce, ba ta da babban kogin da ke gudana duk shekara, kuma abin da aka san Potiskum da shi shi ne kasuwar shanu, da hatsi, da manyan motocin dakon kaya. Wannan sana'ar sufuri ita ce gatan mai son tafiya. Garin na kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, hanyar Bauchi ta Darazo na shigowa cikinsa, wata hanyar ta yi kudu ta Fika zuwa Gombe, wata kuma ta yi arewa ta Jakusko zuwa Gashuwa. Da wuya a sami gari a Yobe da mota ke fita ta fuskoki da yawa kamar haka.

Batun jirgin sama kuwa kusan bai taso ba. Tsohon filin saukar jirage na Potiskum ba ya karɓar jiragen fasinja na haya, filin da aka ƙaddamar a Damaturu a 2023 kuma da sunan dakon kaya aka gina shi. Wanda zai hau jirgi a Gombe, Bauchi, Maiduguri ko Kano sai ya fara yin tafiyar awanni a mota, tafiyar da ta fi ta zuwa bakin ruwan kanta tsawo.

Daga Potiskum zuwa Gashuwa bai kai kilomita 150 ba. Ƙananan motoci irin su Golf da Sharon da bas-bas na ƙungiyar direbobi ne suka fi bin hanyar, ban da motocin Yobe Line na gwamnatin jiha da ke zirga-zirga tsakanin manyan garuruwa. Mota ba ta tashi da agogo, sai ta cika, saboda haka mai son isa kafin magariba ya kasance a tasha da zarar an idar da salla. Kuɗin mota ya daina zama wuri ɗaya tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, don haka a tambayi kamasho kwana ɗaya kafin tafiya. Iyali ko abokai shida zuwa bakwai sukan fi samun sauƙi idan suka ɗauki shatar mota guda. Akwai shingayen jami'an tsaro a hanya, katin shaida na da amfani, kuma tafiyar dare ba abin yi ba ce a kowace hanya ta wannan yanki.

Ruwan da ke arewa

Kogin Haɗeja ya taso ne daga ƙasar Kano, inda kogin Kano da na Challawa suka haɗu, kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Filato ta cikin jihar Bauchi. Da suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar gabashin Jigawa da arewa maso yammacin Yobe, sai tsofaffin tuddan rairayi suka tare musu hanya, ruwan ya rarrabu gida-gida, ya malale ya zama tafkuna da ƙoramu da fadamu. Wannan shi ne dausayin Haɗeja da Nguru. A kusa da Gashuwa rassan suke sake haɗuwa su zama Komadugu Yobe, kogin da jihar ta ci sunansa da aka ƙirƙiro ta a 27 ga Agusta 1991. Kalmar komadugu a harshen Kanuri kogi take nufi. Daga Gashuwa yakan wuce Gaidam, ya zama iyakar Najeriya da Nijar a wajen Diffa da Damasak, ya ƙare a tafkin Chadi.

Gashuwa, hedikwatar masarautar Bade, ita ce masaukin da ya fi dacewa da wanda ya fito daga Potiskum. Akwai masaukan baƙi, akwai jami'ar tarayya da aka kafa a 2013, kuma kogin na gefen gari, inda ake samun masu kwale-kwale da masunta. Wanda ƙarfinsa bai wuce nan ba zai iya yin awa biyu ko uku a kan ruwa da hantsi, ya sayi bandar tarwaɗa da karfasa, ya juyo.

Yamma da Gashuwa, a hanyar Nguru, akwai tafkin Dagona, wanda shi ne ainihin abin da ke jawo baƙi. Tsohon lanƙwasar kogi ne da ruwa ya yanke ya bari, yana cika idan ambaliya ta zo, yana janyewa a hankali har cikin rani. Faɗin wurin da aka keɓe hekta 344 ne, ƙarami ne idan aka kwatanta da dausayin baki ɗaya, amma saboda yana riƙe ruwa bayan wasu wuraren sun ƙafe, tsuntsaye kan taru a cikinsa da yawan da ke ba mutum mamaki. Yana cikin sashen Bade da Nguru na gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991, kuma a 2008 aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Yarima Philip na Ingila ya ziyarci wurin a 1989, lokacin yana shugabantar asusun kare namun daji na duniya, ziyarar da har yau mutanen yankin ke ambato. Da yake gandun gwamnatin tarayya ne, ana shiga da izinin ma'aikatansa, a biya kuɗin shiga, a tafi da rakiyarsu. Farauta haramun ce a ciki, kamun kifi ma yana da ƙa'ida.

Tsuntsayen iri biyu ne. Akwai 'yan gida da ake gani kusan duk shekara: kirinjijiya mai fito idan ta tashi, da dinya, da zalɓe, da balbela, wani lokaci da kwasakwasa. Akwai kuma baƙi, agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu, waɗanda ke yin ƙwai a Turai da arewacin Asiya, idan sanyi ya kama can su keto Bahar Rum da hamadar Sahara su sauka nan. Masu ƙidayar tsuntsaye sun rubuta fiye da nau'i 370 a dausayin Haɗeja da Nguru. Ga tsuntsun da ya ƙetare Sahara, wannan na daga cikin ruwan farko da zai tarar.

Nguru na gaba, kimanin kilomita 65 daga Gashuwa. Tafkin Nguru da mashigin Marma, masu faɗin hekta 58,100, su ne wuri na farko da Najeriya ta yi wa rajista a yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. A nan ruwan ya fi faɗi, kuma kwale-kwale abin hawa ne na yau da kullum tsakanin ƙauyuka da kasuwanni. Layin dogo daga Kano ya iso Nguru a 1930, shi ne ya mai da garin cibiyar gyaɗa da fata da ƙaro da shanu. Da jirgin na tafiya a kan lokaci, da Bakano zai iya yin wannan yawo tun daga tashar jirgi zuwa bakin tafki ba tare da ya shiga mota ba. Sai dai zirga-zirgarsa ta yi ta tsayawa tana dawowa shekara da shekaru, ba abin da za a gina shirin kwana biyu a kansa ba ne.

Lokacin zuwa

Ambaliya kan fara shigowa a watan Yuli, ta kai ƙarshen cikarta tsakanin Agusta da Oktoba. A lokacin ne fadama ta fi kyan gani, bado ya rufe ruwa, shinkafa ta yi kore, amma a lokacin ne kuma igiyar ruwa ta fi ƙarfi, hanyoyin ƙauye suka fi lalacewa, sauro ya fi yawa. Baƙon da bai san ruwa ba ya bar wa masu shi wannan lokaci.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne zaɓi. Ruwa ya lafa bai ƙafe ba, baƙin tsuntsaye sun iso, rana ba ta da zafi. Hazon hunturu kan rage gani a wasu ranaku, kuma sanyin asuba a kan ruwa ya fi na tudu cizo, saboda haka rigar sanyi ba ƙawa ba ce. Bikin kamun kifi da al'adu na masarautar Bade da ake yi a Gogaram, tsohuwar hedikwatar masarautar a ƙaramar hukumar Jakusko, shi ma a rani yake faɗowa a shekarun da aka shirya shi, kuma yana kan fuskar da mai fitowa daga Potiskum zai bi. Daga Maris zuwa Mayu baƙin tsuntsaye sun koma, ƙananan tafkuna sun zama taɓo, zafin bazara kuma kan haura digiri 40.

Jirgin da matuƙinsa

Nan ne bambanci da Turai ya fi fitowa. Jirgin da baƙo zai hau a Gashuwa ko Nguru ba don shaƙatawa aka yi shi ba. Kwale-kwalen katako ne na aiki, wanda jiya ya ɗauki buhunan shinkafa, gobe zai ɗauki 'yan kasuwa da awaki. Wani ana tura shi da doguwar sanda ko filafili, wani an ɗaura masa inji. Ga mai son ganin tsuntsaye, marar inji ya fi, domin ƙara na korarsu tun daga nesa. Babu wurin kwana a ciki, babu rumfa, don haka kwana a gari ake yi, ruwa kuwa wuni.

Hanya mafi aminci ta samun jirgi ita ce ta hannun Sarkin Ruwa ko shugaban masu fito na mashigar, waɗanda suka san wane jirgi ne ke yoyo, wane matuƙi ne ya san inda kututture ke kwance a ƙarƙashin ruwa. A yi ciniki a tudu, a yanke tsawon lokaci da inda za a je, kuma a ɗauki shatar jirgin gaba ɗaya domin kada a ƙara fasinja a hanya.

Wannan taka-tsantsan na da dalili mai ɗaci. A farkon Janairun 2026, wani kwale-kwale ɗauke da fiye da mutum 50 da ya taso daga Adiyani a jihar Jigawa zuwa Garbi a ƙaramar hukumar Nguru ya kife bayan duhu ya yi, aƙalla mutum 25 suka rasu. A 30 ga Nuwamba 2021, jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai a dam ɗin Watari na jihar Kano ya nutse da mutane, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, aƙalla 29 suka riga mu gidan gaskiya. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a kogin Neja a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa daga ɗaurin aure cikin dare. Idan aka duba irin waɗannan haɗurra, abubuwa guda ne ke maimaituwa: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, tsohon jirgi, da rashin rigar kariya daga nutsewa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ta haramta tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar a ƙa'idojinta na sufurin ruwa na 2023. Amma jami'anta ba su kai kowace mashiga ba, kuma a ƙananan mashigai sau da yawa rigar babu ita. Wanda zai iya sayen tasa, musamman ta yara, ya saya ya tafi da ita. Jirgin da aka ga bakinsa ya kusa daidai da ruwa tun kafin ya tashi, a sauka a bar shi, ko da an riga an biya.

Akwai haɗari na biyu da ba ya kashewa nan take. Ruwan fadama da ba ya gudu sosai gidan ƙananan katantanwa ne masu yaɗa tsargiya, cutar fitsarin jini, wadda ke shiga ta fata. Wanka da iyo a irin wannan ruwa ba su dace da baƙo ba, balle yara. A tafi da ruwan sha, a kwana cikin gidan sauro.

Abin da ke cin ruwan

Dausayin da ake zuwa gani yau bai kai na da ba. An kammala dam ɗin Tiga a kan kogin Kano a 1974, na Challawa a 1992, kuma tare da farin shekarun 1970 da 1980 suka rage ambaliyar da ke isowa ƙasa. Masana sun kiyasta cewa filin da ruwa ke mamayewa ya sauko daga fiye da hekta 200,000 kafin madatsun zuwa ƙasa da 100,000 a wasu shekarun bayansu. Wannan ne ya sa aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru a 1987.

Madatsun sun kuma sauya ɗabi'ar kogin. A da yakan cika da damina ya ƙafe da rani. Da aka fara sako ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ciyawar kachala ta sami abin da take so, ta toshe mashigai, ta tara laka. Sakamakon haka ruwan Haɗeja mai yawa ya karkata ta Marma zuwa Nguru yana cinye gonaki, wasu rassan kuma suka rasa ruwa. Kachala na ɓoye tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa, tana hana masunci jefa koma, tana kuma rufe hanyar jirgi. Baƙo zai ga wannan da idonsa: wani wurin sai matuƙi ya bi ta siririn lungu da mutanen ƙauye suka sare da hannu, ciyawa ta fi tsayin mutum dama da hagu. Ƙauyukan da ke wannan aikin gayya su ne ke riƙe da hanyar da mai yawon zai bi, saboda haka kuɗin da ya biya matuƙi ko ya kashe a kan kifi da tabarmar kaba ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu.

Idan aka yi kudu

Zaɓi na biyu shi ne dam ɗin Dadin Kowa a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba ta jihar Gombe, ƙasa da kilomita 40 gabas da birnin Gombe. An datse kogin Gongola a nan a shekarun 1980, tafkin na ɗaukar ruwa kimanin kubik mita biliyan 2.8, kuma akwai tashar lantarki mai ƙarfin megawat 40. Daga Potiskum ana bi ta Fika, a tsallaka Gongola a Ngalda, a wuce Bajoga zuwa Gombe, a sake mota zuwa Dadin Kowa. Ruwan nan buɗaɗɗe ne mai zurfi, yana nan duk shekara, don haka ya dace da watannin da Dagona ta janye. Sai dai faɗinsa na nufin iska na iya tayar da igiya cikin ɗan lokaci, musamman a farkon damina, kuma kusa da bangon dam ɗin ba wurin zuwa ba ne sai da izinin hukumar raya kogin Binuwai ta sama da ke kula da shi. Dam ɗin Tiga ma ana yawo a kansa, amma daga Potiskum sai an yi kusan kilomita 300 zuwa Kano kafin a sake mota a yi kudu, abin da zai cinye yawancin kwana biyun a hanya.

Ko arewa aka yi ko kudu, motocin komawa Potiskum sun fi saurin cika da safe. Wanda ya kai azahar ɗin Lahadi bai shiga tasha ba na iya zama jiran fasinja har rana ta yi sanyi.